Ruwan da Ya Koma Kano

Malam Shu'ibu masunci ne. Shekara talatin yana shiga kogin Haɗeja da kwalekwale, amma bai taɓa yarda 'yarsa Adila ta sa ƙafa a ciki ba. Ba ta iya iyo ba, shi kuwa ya san halin kogin da damina, don da hannunsa ya sha tsamo waɗanda ruwa ya ci. Da ta shiga kwaleji ta fara koyon haɗa bidiyo, sharaɗi ɗaya ya kafa mata: ranar da ta hau ruwa da sunan ɗaukar hoto, ranar za ta ajiye kwamfuta ta fita daga ƙungiyar 'yan ajinsu.

Wata Laraba da hantsi yana ɗinkin koma a ƙofar gida, sai maƙwabcinsa Gana tela ya iso yana murmushi, da waya a hannu.

"Malam Shu'ibu, ashe 'yar taka ta fi ka iya ruwa? Kai a zaune kake tuƙi, ita a tsaye!"

Ya karɓa ya duba. Adila ce da ƙawarta Zulfa, tsaye cikin kwalekwale a tsakiyar kogi, ruwa ya cika ya batse, suna ta amshin waƙa. Nan take ya yar da komar ya faɗa gida.

Ya tarar da ita a rumfa, kwamfuta a kan cinya, mahaifiyarta Hajo na tsintar shinkafa a gefe.

"Adila, me na gaya miki kan kogi? Rufe abin nan. An gama."

"Baba, jibi fa za mu miƙa wa malaminmu bidiyon waƙar."

"Ko yau ne."

Hajo ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, kogin da ta shiga ga shi can a kan igiya. Jiya na wanke shi."

Ya waiwaya. Koren zanen gado ne kawai yake shanye.

"Baba, zauna ka gani," in ji Adila.

Ya zauna a bakin tabarma, fuska a murtuke. Ta buɗe hoton na asali. Ga su nan ita da Zulfa cikin tsohon kwalekwalensa da ya fashe, wanda kaji ke ƙwai a ciki a bayan gida, an ɗaure koren zanen a bayansu. Har wata kaza ta gifta. Adila ta taɓa wani wuri, koren ya ɓace, kogi ya maye gurbinsa.

"La'ilaha illallahu! Kazar fa?"

"Na cire ta."

Sai ta saki waƙar tun daga farko. Duk inda ganga ta buga, nan hoto ke sauyawa, ba ya riga ta, ba ya makara. Wani masunci ya watsa komarsa ta birgi sama, kafin ta faɗo, ruwa ya rikiɗe ya zama gonar shinkafa, gonar kuma ta narke ta zama garken balbela. Ta nuna masa yadda take yanka hotunan guntu-guntu tana haɗa bakinsu. Ya ƙura wa yatsunta ido. Haka shi ma yake ɗinke koma, ido bayan ido, har a rasa inda ta yage. Bai san yarinyar tana da irin wannan haƙurin ba.

"Maimaita," ya ce. Ta maimaita. A karo na uku ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan ba tsamiyar mashiginmu ba ce? To me ya sa ruwan yake komawa Kano?"

Adila ta ɗan sunkuyar da kai. "Misbahu ɗan ajinmu ne ya ɗauko daga gaɓar nan. Ni na juya hoton don kwalekwalen ya fuskanci gonar da ke biye. Malaminmu ma bai lura ba. Baba Gana ma haka."

"Gana tela ne! Tunda Allah ya yi kogin nan gabas yake gangarawa. Masunta su ga wannan, su ce 'yar Shu'ibu ce ta yi? Mayar da shi daidai."

"In na mayar, haɗin ya lalace, Baba. Sai dai a ɗauko daga wancan ƙetaren." Ta san ba ta isa ta ce za ta haye ba.

Malam Shu'ibu ya dubi zanen da ke kan igiya, ya dubi kwamfutar. Ya miƙe ya ɗauko filafilinsa na tuƙin kwalekwale, ya miƙa mata ɗaya hannun.

"Kawo wayar. Ina ake dannawa?"

Ta yi tsalle ta tashi. "Jan maɓallin nan. Ka riƙe ta a kwance, Baba, ba a tsaye ba. Kuma kar hannunka ya yi rawa."

"Hannuna? Ke dai zauna ki ci gaba da aikinki. Kuma ko bakin gaɓa kar na hango ki."