Tsakanin Gwiwoyin Mai Kitso

Wanda bai taɓa zama an yi masa kitso ba, ba zai gane irin kusancin da ke cikin sana'ar ba. Mai kitso tana kan kujera 'yar tsugunno ta buɗe gwiwoyinta, mai kai kuma tana zaune a ƙasa a kan filo, a tsakaninsu. In aka zo gefen kunne sai a kwantar da kan a kan cinya, a daɗe a haka, hanci na shaƙar duk abin da ke kusa da shi. Auta ta yi shekaru tana wannan zama a shagon Anti ba tare da ta taɓa kawo komai a ranta ba. Hannunta mai laushi ne, tsagarta miƙaƙƙiya, mata har barci suke yi a cinyarta su tashi suna ba ta haƙurin yawun da suka zubar mata a zane.

Sai ciwon ya zo ya mai da zaman ya koma azaba. Ba zafi yake yi ba, da ma zafin ne da ta fi sonsa. Wani ruwa ne tsararo mai launin toka yake fito mata ta gaba, da ƙarni irin na kifin da ya kwana. Ya fi tashi in ta gama al'ada, ko in maigidanta ya kusance ta, har ta koma tana ƙirƙiro ciwon kai duk ranar da ya dawo daga tuƙi. Mai kemis ɗin bakin layi ya ce sanyi ne, ya ba ta ƙwayoyin da ke sa bakin mutum ɗanɗanon ƙarfe. Ta sha, ƙarnin ya ɗauke, ta yi murna. Wata bai cika zagayowa ba ya dawo. Ta sake sha, ya sake tafiya, ya sake dawowa, har mai kemis ya daina tambayarta me take so in ya hango ta.

Yayarta ce kaɗai ta san zancen, kuma Yaya ba ta taɓa jin matsalar da ba ta da maganinta ba.

"Ke dai kin cika sakaci," in ji ta. "Mace ai wanka biyu take yi, na waje da na ciki. Ki samu ruwan ɗumi, ki ɗiga maganin wanke rauni, ki sa sabulu mai ƙamshi, ki tura can ciki da robar nan da ake matsa ruwa da ita. Kullum, safe da yamma."

Auta ta bi umarni har ta ƙara da nata. Safe, yamma, da tsakar rana a banɗakin shago in ta samu sarari. Gaskiya abin yana yin aiki na ɗan lokaci: in ta wanke, takan samu awannin da za ta gama kai ɗaya cikin kwanciyar hankali. Sai dai awannin suna ta raguwa, ita kuma tana ta ƙara ƙarfin haɗin.

Da abin ya ishe ta ta tafi asibiti. Da yake ba ta son ta ji kunya a gaban likita, ranar ta yi wankin da ba ta taɓa yin irinsa ba, ta fesa turare har a cinya. Likitar mata, wata siririya mai gilashi da ba ta ɓata magana, ta duba ta, ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara.

"Baiwar Allah, me kika zuba a nan?"

Auta ta faɗa mata, tana kallon silin.

"To kin wanke min abin da kika zo nuna min. Yanzu ko na ɗauki gwaji, sabulu zan kai wa masu dubawa. Ki dawo Alhamis da la'asar. Daga yau har ki zo, kada komai ya shiga ciki. Ba sabulu, ba turare, ba roba. Ruwa zalla, shi ma daga waje."

"Likita, sana'ata kitso ce."

"Na ji. Ni kuma bayan Alhamis zan tafi kwas, sai bayan watanni. In kina son mu san abin da ke damunki, ki zo min da shi yadda yake."

Alhamis da safe kuwa ranar Alƙaliya ce. Tsohuwar mai shari'a ce da ta yi ritaya amma bakinta bai yi ba. Rabin matan da ke zuwa shagon ita ta kawo su, matan lauyoyi da na 'yan kasuwa, kuma da kalma ɗaya za ta iya kwashe su. Ta taɓa sa Anti ta sallami wata yarinya saboda ta taɓa mata kai da hannu mai warin albasa. Ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai Auta, kuma ƙanana take so, irin waɗanda ake farawa da hantsi a gama bayan azahar.

Auta ta gwada zamewa. Ranar Laraba ta samu Anti tana jera mayukan gashi a kanta, ta ce ko za a ɗaga wa Alƙaliya zuwa Asabar.

"Ki kira ta da bakinki ki faɗa mata," in ji Anti ba tare da ta juyo ba. "Ni ina son shagona."

"To ko in yi mata a tsaye, a kan kujerar wankin kai? Bayana ne yake ɗan damuna."

"Matar da ke zuwa nan don ta miƙe ƙafa a ƙasa ta yi gyangyaɗi? Auta, lafiyarki kuwa?"

Rediyo, abokiyar aikinta da ba a taɓa kashe ta ba tun da aka kunna ta, ta ce daga inda take tsifa, "Ƙila ciki ne. Ku duba idonta."

Aka yi dariya, Auta ma ta yi.

Da safiyar Alhamis ta daɗe a banɗakin gida tana kallon robar Yaya a kan taga. Tun jiya ƙarnin ya dawo da ƙarfinsa, ita kanta tana jin sa in ta sunkuya. Ta yi tsarki da ruwa zalla kamar yadda aka ce. Ta sa wando biyu, ta ɗaura zane a kan siket, ta ɗora wani. Har ta kai ƙofa ta dawo ta ɗauki robar da kwalbar haɗin ta cusa a ƙasan jaka, ta ce wa kanta ai ɗauka ba amfani ba ne.

Alƙaliya ta iso da hantsi, ta miƙa wa Anti mayafinta, ta zauna a kan filo da nishin manya. Auta ta ja kujerarta baya kaɗan, ta haɗe gwiwoyi gwargwadon yadda aiki zai bari, ta ɗauki kibiya ta fara tsaga daga ƙeya. Ƙeya ba matsala, fuskar tana kallon gaba, fankar sama tana kora iska waje ta ƙofa. Ta yi sauri irin wanda ba ta saba ba, yatsunta suna gudu, zuciyarta na gaba da su.

"Yau ina za ki ne kike fizgar min kai haka?"

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Matso mana. Kin zauna can nesa kamar muna gaba."

Ta matso. Tana gama ƙeya da tsakiyar kai aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu na ban kwana ta tsaya, zafin shagon ya sauko a kansu. Auta ta ji gumi yana bin bayanta yana taruwa a inda siket da zannuwa biyu suka haɗu, ta gane cewa duk abin da ta rufa da shi yanzu dafa ta yake yi. Anti ta fita neman mai janareta. Rediyo tana ba wata amarya labarin maƙwabciyarta. Saura gefen kunne.

Ba a kitsa gefen kunne sai an kwantar da kai. Auta ta yi ta kewaye-kewaye, ta gyara abin da ba ya bukatar gyara, ta sake shafa mai inda ta riga ta shafa. Alƙaliya da kanta ta gaji ta karkata, ta ɗora kumatunta a cinyar hagu ta lumshe ido, kamar yadda ta saba.

Auta ta riƙe numfashi, sai ka ce nata numfashin ne zai tona ta. Ta kama gashi ta fara. Ɗaya ya tafi lafiya. A na biyu ta ga hancin matar ya motsa. A na uku idon ya buɗe.

Alƙaliya ta ɗago a hankali, ta zauna sosai, ta dubi kwandon shara, ta dubi ƙofar banɗaki. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta dubi Auta, daga fuska zuwa zane. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa bukatar haka ba.

"Yarinya, kin yi wanka yau?"

Labarin Rediyo ya tsaya a tsakiya. Anti da ta shigo daidai lokacin ta tsaya a bakin ƙofa.

"Na yi, ranki ya daɗe."

"To bai yi ba." Ta juya ga Anti. "Ko ta je ta gyara jikinta ta zo ta ƙarasa min, ko waccan mai surutun ta ƙarasa. Ba zan fita da rabin kai ba, kuma ba zan mai da fuskata can ba."

Anti ta kama hannun Auta ta ja ta bayan labule. Ita ma Antin tsoro take ji.

"Ga banɗaki, ga ruwa a bokiti, ga sabulu. Ki shiga ki yi duk abin da za ki yi, ki fito ki ba ta haƙuri. In kika ƙarasa kan nan da kyau zan san yadda zan lallashe ta. Kina ji na?"

Auta ta shiga da jakarta ta sa sakata. Wurin ƙarami ne, gwiwarta tana taɓa bokiti. Ta fito da robar da kwalbar ta ajiye a kan murfin bokitin. Ta san aikin sarai: kafin a ƙirga ɗari ta gama, ta samu awa biyu masu ƙamshi, kuma awa biyu sun isa gefen kunne biyu. Za ta tsira da kujerarta. Da la'asar kuma ta je ta kwanta a gaban mai gilashi a sake jefa safar hannu a shara, ta koma wurin mai kemis, wata mai zuwa ta sake zama a wannan banɗakin da wannan robar, da wata mai bi masa. Ta ji wata irin gajiya da ta fi kunyar nauyi. Kuka ya zo mata, ta danne shi da bayan hannu don bangon na katako ne.

Aka ƙwanƙwasa. "Auta, tana jira."

Ta mai da kayan cikin jaka, ta wanke fuska kawai, ta buɗe.

"Anti, ba zan iya wankewa ba. Likita ta hana ni sai ta gani. Rediyo ta ƙarasa mata."

Anti ta dube ta kamar ta yi wani yare. Auta ta ratsa shagon, idanun mutum biyar ko shida a bayanta, ta durƙusa ta ce wa Alƙaliya ta yi haƙuri. Matar ta riga ta miƙa wa Rediyo kanta.

A asibiti ta zauna a ƙarshen benci, nesa da kowa, har aka kira ta. Likita ta ɗauki abin da za ta ɗauka da ɗan tsinke mai auduga, ta aika da shi, ta sa ta jira. Da sakamakon ya dawo ta cire gilashin ta murza ido.

"Yau kam na gan shi. Ba daga masai kika ɗauka ba, kuma ba ƙazanta ba ce. Kowace mace tana da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani a wurin, su ke tsare shi. Naki sun yi ƙaranci, wasu suka samu fili suka yi yawa, su ke kawo ƙarnin. Maganin kemis yana rage su, ke kuma sai ki bi da roba ki kwashe masu tsaron da suka fara dawowa."

"Wato ni nake..."

"Ba ke kika jawo shi ba, yana samun wadda ba ta taɓa wanke ciki ba ma. Amma wankin yana taya shi. Zan ba ki na sha na mako guda, sannan wani na shafawa a ciki da za ki riƙa sawa jefi-jefi na wasu watanni. Ba zan yi miki ƙarya ba, yana iya dawowa. In ya dawo ki zo asibiti yadda kika zo yau."

"Ƙarnin fa, yaushe zai ɗauke?"

"Kwana biyu, uku."

Auta ta maimaita a ranta. Kwana biyu, uku. Ta karɓi maganin ta fito, rana ta yi sanyi, ƙafarta ta kai ta shago ba tare da ta yi shawara da ita ba.

Tun daga nesa ta hango kujerarta a waje, a gefen kwata, an kife ta ƙafafu sama. An wanke ta da burushi, kumfa bai gama bushewa a jikinta ba. Kibiyoyinta da matajanta suna cikin leda a kusa. Wuta ta dawo, ana jin fanka da muryar Rediyo a ciki. Anti ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kan dakali, ba ta sauko ba.

"Alƙaliya ta ce in dai kina nan ba za ta sake zuwa ba, ita da mutanenta. Ki ɗan huta a gida tukuna, mu ga abin da Allah zai yi."

"Anti, ciwo ne. Likita ta ce ba ƙazanta ba ce. Nan da kwana uku ya wuce."

"Na yarda, Auta. Wallahi na yarda." Ta kalli ƙasa. "Amma a gaban mutane aka yi."

 Auta ta sa ledar a jaka kusa da maganin, ta sunkuya ta ɗauki kujerar ta ƙafa ɗaya. Katakon ya sha ruwa ya yi nauyi, yana ɗiga mata a zane har ta kai bakin titi.