Larabar da Jumare Ya Zo Neman Taramol

A Fatakwal aka haifi Barira, a can ta girma, a can kuma ta buɗe shagon magani, a wani lungu bayan Kasuwar Oil Mill inda hanyar mayanka ta bi. Mahaifinta dillalin shanu ne, shi ya sa tun tana ƙarama ta san mahauta da masu dakon nama ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama jami'a ta dawo da takardar harhaɗa magunguna, su ne suka fara yi mata ciniki. Likita suke ce mata. Ta yi ta gyara musu har ta gaji ta ƙyale su.

Duk shekara sai ta sabunta lasisi, ba a kuma sabuntawa sai mutum ya tara makin ƙarin karatu. A da rufe shago take yi ta tafi taron kwana biyu, yanzu karatun ya koma intanet. Kowace Laraba ƙarfe goma sha ɗaya takan ɗora ƙaramar kwamfutarta a kan teburin gilashin da ke tsakaninta da masu saye, ta maƙala abin sauraro a kunne ɗaya, ta bar ɗayan don ciniki.

Darasin wata Laraba a kan taramol aka yi shi, ƙwayar nan ta kashe ciwo. Malamar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta nuna musu hoton bidiyo na wani saurayi yana birgima a ƙasa, kumfa na fita daga bakinsa. Ta ce yawancin irin waɗannan ba a tasha suka fara saye ba, a shagon mai lasisi suka fara. Barira ta ji kamar da ita ake. Shekara huɗu ke nan tana sayar wa masu dako da ƙwayar ba tare da takardar asibiti ba, tana gaya wa kanta ai ƙaramar ce, kuma mutumin da ya wuni ɗauke da cinyar sa a kafaɗa dole bayansa ya yi ciwo. Ana tashi daga darasin ta kwashe taramol ɗin gaba ɗaya ta kulle a durowa. Duk wanda ya zo ta ce masa sai da takarda. Malamar ta ce akwai kashi na biyu mako mai zuwa, amma Barira ta ga ba abin da za ta jira.

Cikin waɗanda ta mayar har da Jumare, wani ɗan dakon nama daga wajen Gumel, mai shekara talatin da wani abu. Mutum ne marar hayaniya. Ko ruwa ake yi sai ya cire takalminsa a bakin ƙofa, saboda jinin mayanka. Ya zo Alhamis, ya zo Asabar, ya sake zuwa Litinin. Kowane zuwa ta ba shi farasitamol da man shafawa, ya karɓa ya yi godiya ya tafi.

Ranar Laraba kasuwa ta ci, lungun ya cika da mutane har ba wurin taka ƙafa. An fi minti ashirin da fara kashi na biyu sai ga Jumare ya shigo da takalminsa. Gumi ya jiƙa rigarsa, hancinsa na zuba, yana ta hamma kamar wanda bai runtsa ba. A hannunsa akwai ƙugiyar da suke jan nama da ita.

"Likita, ki taimake ni. Biyu kawai."

"Malam Jumare, ai mun yi wannan maganar."

"Na sayi na 'yan tebur jiya, alli ne. Kwana huɗu ban ɗauki kaya ba. Ƙasusuwana kamar ana sara su. Don Allah."

A daidai lokacin malamar take lissafa alamomin wanda aka yanke wa ƙwayar a kunnenta: gumi, hamma, zubar hanci, rawar jiki, ciwon gaɓoɓi, saurin fushi. Barira ta ɗaga ido ta dube shi sosai. Muryar ta ci gaba da cewa babban kuskure shi ne a yanke wa wanda ya daɗe yana sha a rana ɗaya. Ana rage masa ne a hankali, da sanin likita, kuma yanzu za ta nuna yadda ake tsara ragin. Barira ta jawo biro, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba.

"Dakata min minti biyar, in ji wannan."

Abin da Jumare ya gani shi ne mace ta ɗaga masa hannu kamar mai korar akuya, ta mai da fuska ga allo. Ya ɗaga ƙugiyar ya sauke ta a kan teburin. Gilashin ya tarwatse, kwamfutar ta rufta ciki tare da kwalaben maganin tari, wani ɓangare mai tsini ya yanke hannun Barira na dama daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu. Ba ta ji zafi ba da farko, jinin kawai ta gani yana sauka a kan kwalayen magani. Kafin ta ja baya ya tsallako, ya damƙi hijabinta ta wuya, ya buga ta da katakon jera kaya. Gwangwanayen madara suka zubo mata a kai.

"Ina makullin?"

Ta kasa magana saboda shaƙar. Ya jefar da ita gefe, ya sa ƙugiya yana ɓalle durowar.

Matar da ke sayar da bokitai a ƙofar shagon ce ta fara ihun ɓarawo. Ranar kasuwa kalmar ba ta buƙatar maimaici. Maza huɗu suka afko, suka fizgo Jumare ta ƙafa, kansa ya bugu da dokin ƙofa, suka ja shi waje cikin taɓo. Barira tana kwance tana jin saukar katako a jikin mutum. Ta yagi bandeji da haƙori, ta naɗe hannun iya ƙarfinta, ta miƙe tana dafa bango.

Da ta fito ba ta gane fuskarsa ba. Wani ya buga masa bulo a gefen ido, wani mai baro yana tattaka masa ƙirji. Jumare bai ko kare kansa ba, ya dunƙule hannu ɗaya a cikinsa, katin ƙwayar da ya ciro daga durowar na ciki. An riga an gangaro da wata tsohuwar taya, wani saurayi kuma ya zuƙo fetur daga janareton mai aski a cikin gorar ruwa, yana zuba masa a baya.

Ta kutsa tsakaninsu ta faɗa a kansa. Katakon da aka riga aka ɗaga ya sauka a kafaɗarta, ta ji ƙashi ya yi ƙara a cikin kunnenta. Warin fetur ya cika mata hanci, ya jiƙa mata hijabi. Ta ɗaga kai ta yi musu magana da Turancin broka da ta tashi da shi, da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Ta ce shagon nata ne, jinin nata ne, mutumin nan ba ɓarawo ba ne, marar lafiyarta ne, duk mai son kyasta ashana ya haɗa da ita. Mai bokitai ta kama hannun saurayin mai fetur tana ce masa ai Madam ce, ya tsaya.

Ba a gama wannan ba sai ga mahauta sun taso daga mayanka, sun fi ashirin, wuƙaƙe da gatura a hannu, labari ya je musu cewa ana ƙona ɗan'uwansu. 'Yan kasuwa suka fara tsintar duwatsu da kwalabe. Wata kwalba ta fashe a goshin wani mahauci, ya yi kan wanda ya jefa da wuƙa tsirara. Sarkin Pawa, Alhaji Sharfuddeen, tsoho mai ɗingishi, shi ya sha gabansa ya wanka masa mari a gaban kowa, sannan ya juya ya ce duk wanda ya ƙara taku ɗaya kada ya sake shiga mayankarsa. Suka tsaya suna huci. Aka samu keke napep, aka saka Barira da Jumare a kujera ɗaya, kansa a cinyarta, jininsu ya haɗu a kan ledar kujerar.

An yi mata ɗinki goma sha bakwai, aka ɗaure mata kafaɗa saboda ƙashin wurin ya karye. Jumare ya rasa idon hagu, haƙarƙarinsa uku sun karye, muƙamuƙinsa sai da aka sa masa waya. Da 'yan sanda suka zo ɗaukar bayani ta ce ba ta shigar da ƙara.

Kwana uku bayan haka Alhaji Sharfuddeen ya zo gaishe ta a gida. Bayan doguwar gaisuwa ya ce mahauta sun yanke shawara, da zarar an sallami Jumare za su sa shi a motar shanu ya koma gida.

"Baba, ba shi kaɗai ba ne," in ji ta. "Ni na saba musu da ita, ni na yanke musu rana ɗaya. Na zauna na tuna su, mutum ashirin da uku ne."

Tsohon ya ce, "To, me kike so a yi, 'yata?"

"A tara min su bayan sallar Juma'a. Na nemi malamar da ke koyar da mu a waya, ta turo min sauran darasin, ta kuma haɗa ni da wani likita da ya yarda ya zo."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa buhuna a rumfar bayan mayanka. Mutum tara suka zo. Sauran, wasu sun ce ba su taɓa sha ba, wasu sun riga sun koma wajen 'yan tebur. Likitan ya zauna a kan benci yana kore ƙudaje da takarda, Barira a gefensa tana fassara masa. Ba wanda ya yarda ya fara magana, sai wani dogo da ake kira Awwalu, wanda yake kwana ɗaki ɗaya da Jumare, ya matso ya tsuguna, hannuwansa na rawa.

"Ni shida nake sha kafin azahar," ya ce. "Ki gaya masa gaskiya, kada ki rage."

Ta gaya wa likitan yadda ya faɗa. Sannan ta ɗora littafi a gwiwa, ta riƙe biro da hannun hagu, ta rubuta sunansa, ta tambaye shi sunan mahaifinsa.