Noti Goma Sha Ɗaya a Injin Fazal

Ranar Talata da hantsi na buɗe gwangwanin notin rabin inci, na tarar da tara a ciki. Ashirin muka saya ranar Asabar, kuma tun daga ranar ba mu taɓa wani aikin rabin inci ba. Na zazzage su a tafin hannu na sake dubawa. Tara ne. Sai na jawo ɗaya gwangwanin, na milimita sha biyu, wanda ya kamata a ce fayau yake, domin arba'in da takwas muka saya, arba'in da takwas kuma injin yake ci. Guda goma sha ɗaya suna kwance a gindinsa.

Yayana Inayat yana bakin ƙofa yana shan shayi. Shagon nasa ne. Shekara talatin yana ƙera injin casar alkama a nan garin Daska, kowa Ustad yake ce masa, wato gwanin sana'a, ni kuwa walda ce tawa. Na kai masa gwangwanayen biyu na ajiye a gabansa. Ya leƙa wannan, ya leƙa wancan. Ya ajiye kofin a ƙasa a hankali.

"Injin Fazal," in ji shi.

"Shi kaɗai muka ɗaura wa wuƙaƙe a satin nan, Yaya."

A cikin injin casa akwai ganga mai juyawa, jikinta duk wuƙaƙen ƙarfe ne da ke dukan zangarniya. Kowace wuƙa ƙusa biyu masu haƙora ke riƙe da ita, da notinsu. Idan tarakta ta ja, injin gaba ɗaya karkarwa yake yi kamar mai zazzaɓi, kuma wannan karkarwar ce ke kwance noti sannu a hankali. Da can noti biyu muke ɗorawa, ɗaya a kan ɗaya, da washa. Duk da haka, shekara goma sha ɗaya da suka wuce wuƙa ta fice daga wani injin da Inayat ya gyara, ta fasa murfi ta sami wani mai zuba dami a kafaɗa. Mutumin ya rayu, amma hannun bai sake ɗaguwa ba. Tun daga nan yayana ya koma noti mai zoben roba a baki, wanda robar ke cije haƙoran ƙusa ta hana shi juyawa. Ya fi kowa sanin dokokinsa. Ba a sa shi kusa da salansa, don zafi yana narkar da robar. Wanda aka kwance ba a mayar da shi. Sai haƙora biyu na ƙusar sun leƙo ta saman zoben kafin a ce ya ɗauru. Ranar Asabar ma sai da ya sa mai kanti ya sauko da kwali uku kafin ya yarda da ɗaya.

Abin da ya ɓata mana lissafi shi ne, notin rabin inci da na milimita sha biyu kamar tagwaye suke. Sifana ɗaya ke kama su. Zobensu duk shuɗi. Idan ka ɗora na inci a kan ƙusar milimita zai hau, ya yi zagaye uku ko huɗu ya cije, kai kuma ka ɗauka robar ce ta kama, ka ƙara ƙarfi. Alhali haƙoran ne suke cin juna. Ranar Lahadi da yamma Inayat ya ɗaura wuƙaƙen shi kaɗai, ina can ina fentin murfi. Ranar Litinin Fazal ya zo da taraktarsa ya ja injin.

Inayat ya ciro waya ya miƙo min. "Kira shi."

Na kira sau huɗu, tana ta ringi ba a ɗauka. Wanda ke tsaye kusa da injin casa ko an harba bindiga a bayansa ba zai ji ba. Da ma rashin ɗaukar shi ne amsar: injin yana aiki.

"Tayar da babur," in ji Inayat. Ya kwashe goma sha ɗayan ya zuba a aljihu, ya ɗauko sifana biyu da jakar sababbin ƙusoshi. Ko takalmin kirki bai tsaya sawa ba.

Fazal ba shi da gona. Gari-gari yake bi da injinsa yana yi wa mutane casa, ana ba shi rabonsa na alkama. Muka fara zuwa gidansa a Kot Mehran. Matarsa ta yi magana ta bayan labule, ta ce tun asuba ya fita, ta ji yana maganar gonar wasu 'yan uwa biyu a bakin hanyar ruwa. Muka bi gefen ruwan, babur yana tsalle a kan ramuka, Inayat a bayana yana dukan kafaɗata.

"Ƙara wuta, Liyakat. Jaki kake tuƙawa?"

"In na ƙara, a cikin ruwan nan za mu ƙare, Yaya."

"To ƙara kaɗan."

A gonar 'yan uwan muka tarar da tsibin ƙaiƙayi da sawun taya. Wani tsoho yana ɗaure buhuna ya ce sun gama tun kafin rana ta yi zafi. Inayat bai tsaya gaisuwa ba, ya durƙusa a wurin da injin ya tsaya yana lalube cikin ƙaiƙayi da yatsunsa.

"Ustad, zinariya ta faɗi ne?" in ji tsohon.

"Baba, injin ya yi wani ƙara daban? Kamar ƙarfe yana bugun ƙarfe?"

"Ni da kunnen nan nawa? Ko matata ba na ji, kuma ta fi injin ƙara."

Ya ce yana jin sun nufi wajen Chaudhri Munawwar, wani babban manomi, ko kuma wajen masu gidan bulo, bai tabbata ba. Hanyoyin biyu sun rabu. Muka zaɓi gidan bulo saboda ya fi kusa, muka yi asarar kusan awa guda. Akwai injin a can, amma kore ne, na wani maƙerin. Da muka juyo, sai na ga yamma ta fara haɗa baƙi. Iska ta tsaya cak. Duk gonar da muka wuce mutane gudu-gudu suke da dami a ka, kowa yana waiwayen sama.

Inayat ya daina dukan kafaɗata, sai magana da ya kama yi a bayan kunnena, rabi da ni rabi da kansa. Wai ko duk goma sha ɗayan a layi ɗaya suke. Wai idan wuƙa guda ta sami biyu marasa kyau, ita ce za ta fara tafiya. Wai Fazal ta dama yake tsayawa, kuma murfin dama ya fi sirara. Na ce masa ya yi shiru ya bar ni in ga hanya. Ya yi shirun minti ɗaya ya ci gaba.

Tun daga nesa muka hango ƙurar, sannan muka ji rugugin. Gonar Chaudhri Munawwar babba ce, dami jibge kamar ɗakuna, mutum wajen goma suna miƙa wa juna. Jan injinmu yana tsakiya yana rawa a kan tayoyinsa. Fazal yana bakinsa, fuska a naɗe da rawani, yana tura zangarniya da hannu biyu. Kafin in gama tsayar da babur Inayat ya dire. Bai je wajen Fazal ba. Kai tsaye ya nufi tarakta ya ja igiyar kashewa.

Rugugin ya yi ƙasa, ganga ta ci gaba da juyawa da sauran ƙarfinta, sannan ta tsaya. Kowa ya juyo.

Chaudhri yana zaune a gadon igiya ƙarƙashin bishiya. Ya taso, babban mutum ne mai farin gashin baki. "Wane ne wannan? Fazal, mahaukacin garinku ne ya biyo ka?"

"Ustad Inayat ne, ranka ya daɗe. Shi ya ƙera injin."

"To ya ƙera, ya sayar, an gama. Me ya kawo hannunsa kan tarakta a gonata?" Ya nuna yamma da sandarsa. "Kana ganin abin can, Ustad? Noman shekara ne a ƙasa. Tayar min da injin."

"Ranka ya daɗe, a ba ni awa ɗaya."

"Ka je ka roƙi hadarin ya ba ka. In ya yarda ni ma na yarda."

Fazal ya sauke rawaninsa, idanunsa jajur da ƙura. "Ustad, lafiya lau yake aiki. Tun jiya ko tari bai yi ba. Kada ka kunyata ni a gaban mutane, ka bari mu gama wannan tsibin."

"Akwai noti goma sha ɗaya a cikin gangar nan da ba nasu ba ne wurin," in ji Inayat. "Ni na sa su da hannuna. Idan kana so ka tayar, tayar, amma ni zan tsaya a inda kake tsayawa, kai ka koma can bayan bishiya."

Wata mata daga cikin masu miƙa dami ta ja da baya taku biyu, sauran ma suka bi ta. Chaudhri ya dube su, ya gane ko an tayar ba mai matsowa. Ya yi tsaki ya koma gadonsa.

Muka ɗaga murfi. Zafi da ƙura suka bugi fuskokinmu. A jikin kowane noti akwai ɗan tambari, na milimita lamba ce, na inci kuwa 'yan layuka. Inayat ya sunkuya ya goge na farko da babban yatsa. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen. Ya ja da baya. Ya sake matsowa. Na daɗe da sanin idonsa ya yi rauni, shi ma ya san na sani, amma ko sau ɗaya maganar ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ya miƙe, a gaban Fazal da duk mutanen nan, ya ce da ni, "Ba na gani, Liyakat. Kai duba, ni in kwance."

Haka muka yi. Ina juya ganga da hannu, ina karanta tambari, ina sa alli a kan marasa kyau. A layi na uku na sami wuƙar da duka notinta biyu na inci ne. Na taɓa ɗaya, ya juya a yatsuna babu sifana. Da na ja, sai ya zame ya fito, haƙoran ƙusar sun shafe sumul. Fazal ya kama wuƙar ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal a hannunsa. Ya sake ta, ya je gefe ya tsuguna.

Ƙusoshin da notin inci ya ci duk sai da muka canza su, don haƙoransu sun riga sun lalace. Inayat yana ɗaurawa, yana shafa bakin kowane noti da yatsa don ya ji haƙora biyu sun leƙo. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Muna kan na tara iska ta taso mai sanyi, ƙaiƙayi ya tashi sama. Muna rufe murfi ɗigon farko ya sauka a kan ƙarfen.

Ba a sake tayar da injin ba ranar. Kowa ya ruga jan tamfol, mu ma muka kama. An rufe abin da aka iya rufewa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na damin ya sha ruwa. Chaudhri ya tsaya cikin ruwan, rigarsa ta manne a jikinsa, ya ce da Fazal daga yau kada ya sake ganin jan injin nan a gonarsa. Inayat kuwa ko kallonsa bai yi ba.

Muka fake a ƙarƙashin tirelar tarakta mu uku. Matar nan da ta fara ja da baya ta aiko mana da gurasa biyu da albasa a cikin ƙyalle. Fazal ya gutsura ya miƙa wa yayana.

"Ka raba ni da babbar gonar da nake yi wa casa, Ustad."

"Na sani."

"Gobe ina wajen masu lambun mangwaro. In rana ta fito, ka zo ka saurare shi yana aiki. Ni yanzu kunnena ba zai yarda da shi ba sai ka ce."

Inayat ya ce zai zo. Bai ci gurasar ba, tana hannunsa yana jujjuya ta. Da ruwan ya tsagaita muka hau babur, laka tana tsartuwa har gwiwa. Mun kai mararrabar da za mu karya zuwa gida, sai ya taɓa kafaɗata.

"Bi hagu. Injin da muka ba mutanen ƙauyen Dera Sandhu."

"Yaya, wannan tun watan jiya ya fita. Lokacin ko ƙwaya ɗaya ta notin inci babu a shagon."

"Na sani. Bi hagu dai."

Akwai sauran rana kamar awa biyu, hanyar kuma duk taɓo ce. Na sauke giya, na karya hagu.