Abin da Glenda Ta Ajiye a Teburin Alƙaliya

Tun a cikin bas Clifford Ackroyd ya ja wa matarsa kunne. "Duk abin da suka tambaya, ni zan amsa. Kada ki sa baki."

Glenda ta ƙara rungume jakarta.

Aikin rufin gidaje Clifford yake yi a garin Barnsley kafin ya faɗo daga kan rufi, bayansa ya sandare. Hukuma ta hana shi tallafin naƙasassu, wai yana iya kula da kansa, shi ne ya kai ƙara. Yanzu ga shi gaban mutum uku masu sauraron ƙarar: alƙaliya, likita, da wani dattijo a keken guragu.

"Mista Ackroyd," in ji alƙaliya, "in ka gama a banɗaki, yaya kake tashi?"

"Wurin wanke hannu nake dafawa."

Wakilin hukuma, da ya zo kare hukuncinta, ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, mai lafiya ma yana dafa shi. Wannan ba ya cikin kayan taimakon naƙasassu."

Sai likita ta ce, "To tsabtace jikinka fa? Hannunka yana kaiwa?"

Gumi ya karyo wa Clifford. Likitar nan sa'ar 'yarsa ce. Ya kafa wa tebur ido.

"Ina lallaɓawa."

Alƙaliya ta ɗauki biro za ta rubuta. A nan Clifford ya ji ƙarar zif a gefensa. Glenda ta zaro wata doguwar sandar roba mai matsi a baki, ta ajiye ta gabansu.

"Glenda!"

"Yi mini shiru, Cliff. Da wannan yake gogewa, ranki ya daɗe. Da ta farko ta karye, ƙin cin abinci ya yi har aka kawo sabuwa, don kada ya shiga banɗaki."

Clifford ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dattijon nan ya leƙo, ya ce, "Irin tawa ce, sai dai taka ta fi ƙwari. Abin da ta faɗa, haka ne?"

Da ƙyar Clifford ya ɗaga kai. "Haka ne."

Aka ce su jira a waje. Kowa ya kama ƙarshen benci, babu mai kallon wani, har magatakarda ya fito ya ce musu an soke hukuncin hukuma.

A bakin titi Clifford ya tsaya yana maida numfashi.

"Gaban mutane, Glenda."

"E, gaban mutane."

Ya daɗe yana kallon motoci. Can ya miƙa mata hannu ta riƙe shi, suka tsallaka zuwa shagon soyayyen kifi.