Ƙurar Baba Direba

"Ba zan hure ta ba," in ji ta, ta ajiye matatar iskar a kan kujerar motar.

Manaja ya ƙare mata kallo. A kamfanin bulon nan kowa Injiniya yake ce mata, rabi girmamawa rabi shaƙiyanci, tun ranar da ta zo daga kwalejin fasaha ta fara duba injuna.

"Me zai hana? Shekara da shekaru Baba Direba yana buga ta a jikin taya, ya sa baki ya hure, ya mayar. Motar ta taɓa tsayawa?"

"Motar ba ta tsaya ba, ranka ya daɗe. Shi ne ya tsaya."

Ta ɗaga matatar sama. Siminti ya daskare a cikin ninkin takardar, gefe guda kuma ya huje har haske na ratsawa. 'Yar ƙaramar motar ce ke kai bulo lungunan da tipa ba ta shiga, kullum cikin ƙura take wuni.

"Sabuwa za a saya. A gyara injin hura iska, a ba mutane abin rufe hanci."

"Karatu ya yi miki yawa, yarinya. Na ba ki zuwa gobe. Ko ki hure ta, ko ki ajiye mana rigarmu ta aiki."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Direba, tun daga bakin lungu take jin tarinsa. Shi ne ya riƙa sauke ta a makaranta tana ƙarama, shi ne kuma ya cire hula ya roƙi Manaja ya ɗauke ta aiki. Likita ya ce ƙura ce ta cika masa huhu, a kai shi gida ya huta.

Ta same shi jingine a gadon ƙarfe, matarsa Iya tana yi masa fifita. Wuyansa ya zama kamar na kaza.

"Injiniyata. Yaya motata?"

"Tana nan, Baba. Ta fi ka lafiya."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace. Iya ta tara masa tsumma, ta naɗe da sauri don kada a gani.

"An ce kin tsaya wa Manaja a wuya," ya ce da numfashi ya dawo. "Ki hure, 'yata. Ki ɗan kau da fuska, ki riƙe numfashi. Haka nake yi."

"Haka kake yi, Baba. Ga ka nan."

"Ke, bakinki," in ji Iya.

Amma ran Injiniya ya riga ya ɓaci, kuma ba Manaja kaɗai take jin haushi ba. Haushin tsohon nan take ji, da haƙurinsa, da "to, ranka ya daɗe" ɗin da ya yi ta faɗa har ƙirjinsa ya zama buhun siminti.

"Babanki ba ya iya fita," ya ce a hankali. "Ke ce gidan. In ba ki yi ba, wani zai yi."

"Wani ya yi. Ba dai da bakina ba."

"Kan nan naki ko guduma ba ta fasa shi," ya ce, ya lumshe ido.

Washegari tana ɗaura igiyar takalmi ta jiyo ta bayan katanga maficin Iya ya faɗi ƙasa, sai kuma muryarta tana kiran sunansa, tana sake kira, ba amsa. Injiniya ta zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Hawaye bai zo ba.

Da yamma Manaja ya zo gaisuwa cikin farar riga.

"Ajali ne," yake ce wa mutane. "Mutumin kirki. Bai taɓa ce mini a'a ba."

Da zai fita ya hango ta, ya rage murya. "Injiniya, kin yi tunani? Kaya sun taru."

Ta shiga gidansu, ta fito da rigar aikin a ninke, ta ɗora masa a hannu a gaban kowa.

"Ga rigarku. Ka sayi matata kafin ka sake zuwa wata gaisuwar."

Aikin ya tafi ke nan. Kafin mako ya zagayo an ɗauki wani. Duk kamfanin da ta je, labarinta ya riga ta, sai a ce mata babu gurbi. Mahaifiyarta ta daina yi mata magana sai ta dole, ƙaninta ya bar makaranta ya koma dako a kasuwa. Ta san abin da ta jawo musu, kuma ba ta je ta ba kowa haƙuri ba.

Ranar da Iya za ta koma wurin 'yan'uwanta, Injiniya ce ta taya ta kwance gadon. Da suka janye shi, sai ga tabon maiƙo a bango, daidai inda yake jingina kai. Iya ta miƙa mata ruwa da soso, ta bar ta a ɗakin ta fita tsakar gida.