Jar Wayar Barakatu

Duk Sabo, unguwar Hausawan nan da ke ƙasar Yarbawa, an san shagon Injiniya Zaharadeen da ke bayan layin 'yan canji, inda ake kai tsofaffin na'urorin gem da kwamfutocin zamanin da a farfaɗo da su. Abin da ba a sani ba shi ne, Injiniyan nan ko batirin tocila ka ba shi sai ya sa shi a baibai. Bakinsa ne jarinsa. Hausa, Yarbanci, Turanci, buroka, duk wanda ka zo da shi zai tarbe ka da shi, ya karɓi kayanka yana gyaɗa kai kamar ya gano cutar, ya ce ka dawo jibi. Da la'asar sai ya zuba su a jaka ya kai gida. A can, a kan wani tebur tsakanin firji da buhun gari, matarsa Barakatu ce ke zaune da dalma da ƙarfen liƙi.

Gadon abin ta yi. Mahaifinta, marigayi Malam Labaran, shi ya fara buɗe gidan gem a Sabo, kuma tun tana 'yar shekara tara take riƙe masa fitila in yana gyara. Bayan aurenta ta gwada karɓar aiki da kanta, har ranar da wani mai tara irin kayan nan ya zo daga Legas, ya ga mace ce, ya naɗe na'urarsa ya ce ba zai sa ta a hannun mai dafa miya ba. Daga nan suka shirya: suna na miji, shago na miji, aiki na mata. Shekara shida ke nan, kuma suna zaune lafiya, don Zaharadeen mutum ne mai sauƙin kai, ba ya ɓoye mata ko sisi, kuma a cikin gida shi ke kiranta Oga.

Amma abin yana ci mata rai, ba ta dai faɗa. Shi ya sa duk lokacin da ya jawo kujera ya ce ta nuna masa ko da ɗan abu kaɗan ne, sai ta kore shi da wasa. Takan ce suna nasa, shago nasa, allon bakin shago nasa, in ta nuna masa wannan ma me ya rage mata? Da dariya take faɗa, shi ma da dariya yake tashi. Ita kaɗai ta san ba wasa take ba.

Ranar wata Laraba aikin da ke gabanta na wata na'ura ce mai kaset wadda ta girme ta, mai ita yana so a mayar da ita ta tafi-da-gidanka, mai allonta da batirinta. Kwanson na'urar ya yi ja kamar haƙorin mai cin goro, don haka Barakatu ta cire shi, ta shafe shi da man nan da mata ke kashe launin gashi da shi, ta naɗe a leda ta shanya a kan kwanon rufi, rana ta dawo masa da farinsa. Abin da ya rage a tebur kayan ciki ne tsirara: koren allon ƙwaƙwalwar na'urar, batura shida da ta ciro daga tsohuwar kwamfuta ta ɗaure da baƙin salatif, ɗan allon kallo na mota, da wayoyi ko'ina. Makunnin a jikin kwanson yake, saboda haka in za a kunna sai an taɓa jar waya a wani ɗan ƙarfe guda cikin ƙarafa ashirin.

Akwai mai yanka roba a unguwar Mokola da zai auna wa ɗan allon kallon gida. Da hantsi ta sa kayan a jaka ta ba Zaharadeen ya kai, ta ce ya biya ya sayo mata wata kwalbar man. A bakin ƙofa ya juyo ya tambaye ta, in mutumin ya ce a kunna ya gani fa?

"Ka ce masa Injiniya ba ya kunna aikinsa a titi," in ji ta, tana dariya tana tura shi waje.

Ba a yi awa ɗaya ba wayarta ta yi ƙara. Babandi ne, mai tsiren layinsu, wanda ya je Mokola sayen ƙuli. Bayansa hayaniya kamar ana rushe gini. Ya ce wani ɗan okada, mai babur ɗin haya, ne ya bangaji Injiniya a kusa da shataletale, jakar ta faɗi ta buɗe, kwalbar ta fashe tana kumfa a kan kwalta, batura da wayoyi suka bayyana. Wata mata ta kurma ihu ta ce bom. Injiniya ya yi ta rantsuwa da Yarbanci cewa gem ne, sai aka ja baya aka ce to ya kunna a gani.

"Ya kasa, matar Injiniya," in ji Babandi. "Ya taɓa wata waya, wuta ta yi tartsatsi. Sun rufe shi. Na ga an aika a kawo taya."

Ba ta san lokacin da ta zura hijabi ba, takalmi ma ƙafa ɗaya ta samu. Daga gidansu zuwa Mokola ba nisa, amma ran nan hanyar ta ƙi ƙarewa. Tana gudu tana jin maganarta ta bakin ƙofa na maimaita kanta a kunnenta.

A makon nan ne wani saƙon ƙarya ya yi ta yawo a wayoyin mutane, wai an shigo da 'yan Arewa da abubuwan fashewa. Wanda ya ƙirƙira shi yana can gidansa yana cin abinci, Allah ya isa. Ga abin da ya haifa nan a ƙarƙashin gadar sama: mutum sun fi ɗari, 'yan okada da yaran tasha da masu talla, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Har da fuskokin Sabo ta gani can gefe, mutanen da ke shan shayi a shagon mijinta, sun yi tsuru-tsuru, kowa na tsoron kada a haɗa da shi. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da tattasai ce kaɗai ke ta ihu a jira 'yan sanda, aka ture ta ta faɗa kan tirenta.

Barakatu ta kutsa da kafaɗa da gwiwar hannu. Da ta ɓulla tsakiya ta gan shi a ƙasa. Farar shaddar da ta goge masa da safe ta koma ja da baƙi. An fasa masa kai, idonsa ɗaya ya rufe, hannun dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Wani ƙato mai katako, katakon ma da ƙusa a jiki, ya ɗaga ya sauke masa a haƙarƙari, ta ji ƙarar har cikin nata ƙashin. Wani ya maƙala masa taya a wuya, wani kuma ya durƙusa yana zuƙo fetur daga babur cikin gorar ruwa. Jakar da kayan suna can gefe guda, an bar musu fili, ba mai matsawa kusa.

Ta faɗa kan mijinta. Aka fizgo ta ta hijabi har ya yage, wani ya kwaɗa mata mari, dutse ya same ta a gira, jini ya rufe mata ido. Nan ta miƙe, ta buɗe murya da Yarbancin da aka haife ta a cikinsa, wanda ya fi na rabinsu kyau.

"Ba shi ya haɗa ba. Ni na haɗa shi da hannuna. Shi bai san komai a kai ba."

Shekara shida tana son ta faɗi maganar nan a gaban jama'a, ga inda Allah ya sa ta faɗe ta. Ƙaton ya kalle ta sama da ƙasa, ya ce to madalla, ta je ta kunna. In gem ne su gani, in kuwa ta kasa kamar mijinta, akwai taya ta biyu. Ya sa aka tuttula wa Zaharadeen fetur, ya karɓi ashana ya riƙe. Jama'a suka ja da baya, wasu suka ɓuya bayan ginshiƙin gada.

Ta durƙusa gaban kayan ita kaɗai. Kallo ɗaya ta gane abin da ya yi: jar wayar ya ɗora kan baƙa, shi ne tartsatsin, har bakin wayar ya ƙone. Allah ya sa fis ɗin bai tafi ba. Ta sa haƙori ta feɗe robar, ta murɗa zaren tagullar, ta ƙirga ƙarafan da yatsa, na huɗu daga hagu. Ta taɓa. 'Yar jar fitila ta kama, wani ya yi salati, wani ya kira Yesu, mutane suka ƙara watsewa. Allon kuwa ya tsaya baƙi ƙirin.

Guna-guni ya taso. Ta ji ƙarar ashana a cikin kwalinta. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta kalli mijinta hannunta ba zai sake yi mata biyayya ba. Kaset ɗin ne, ƙasa ta shiga bakinsa da jakar ta faɗi. Ta zare shi. Duk rayuwarta tana yi wa mutane faɗa kan hura kaset da baki, tana cewa yawu ke sa shi tsatsa, amma ran nan ta hura shi har sau uku, ta goge da yagaggen hijabinta, ta share jinin da ya ɗiga a kan koren allon, ta mayar ta danna. Ta sake taɓa wayar.

Allon ya yi shuɗi. Wani ɗan siririn kiɗa ya fito daga lasifikar da ba ta fi murfin kwalba ba, sai ga ƙananan motoci masu launi sun jeru suna jiran tsere.

Wani ya fara ƙyalƙyalewa da dariya, wallahi dariya. Aka matso ana leƙe, ana cewa ashe gem ne. Ƙaton ya sunkuyo, katakon na hannunsa har yanzu, bakinsa a buɗe. Ya ce kai, ya san wannan, yana yaro ya sha buga shi a Sabo, a gidan gem na wani dattijo Baba Labaran, mai ƙara musu lokaci kyauta in kuɗinsu ya ƙare. Da Barakatu ta ɗago, ya riga ya jingine katakon ya sulale, sauran ma kowa ya tuna yana da abin yi.

Ita da Babandi da tsohuwar mai tattasai ne suka cire tayar. Motoci uku suka ƙi tsayawa saboda warin fetur, ta huɗu wata ƙaramar tasi ta tsaya. Aka kwantar da shi a baya, kansa a cinyarta, Babandi a gaba yana roƙon direba ya taka. Numfashin Zaharadeen na fita da wani kurari, jini na kumfa a gefen bakinsa. Ya buɗe idon da ya rage.

"Oga, ta kama?"

"Ta kama."

"Ina na kuskure?"

Ta kama hannunsa na hagu, mai lafiyar, ta buɗe tafin nata hannun ta mayar da shi allo. Ta ce ya duba, ƙarafan a jere suke, daga hagu ake ƙirgawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, nan ake ɗora jar waya, ba a taɓa bari ta haɗu da baƙa. Ta ɗora yatsansa a wurin. Ta gaya masa in fitila ta kama allo bai kawo ba kada ya tsorata, kaset ne, a goge bakinsa. Ta gaya masa yadda ake gane fis ya mutu, da yadda ake riƙe ƙarfen liƙi a karkace, da yawan dalmar da ake sawa. Duk abin da ta hana shi a shekara shida ta shiga zubo masa, da sauri, ba ta tsallake komai.

Babandi ya waiwayo ya duba, ya juya ya rufe fuskarsa da hula. Direban ya kalli madubi, ya daina danna oda, ya rage gudu. Barakatu ta ga duk wannan. Ta ƙara damƙe yatsan da ya riga ya saki, ta mayar da shi farkon layi, ta ce masa su sake daga farko, daga hagu ake ƙirgawa.