Jinin Renante a Firiza

…to ai mai arhar ma ba ta da laifi. Abin da Dakta Nenita ke ta faɗa wa kanta ke nan, tana tsaye a ɗakin bincikensu na Iloilo. Na'ura ɗaya za a saya, ita ce mai zaɓe. Ta farko, mai arhar, daddatsa zaren gado na cikin jini, wato DNA, take yi gutsu-gutsu ta karanta, jinin mutum ɗaruruwa a zama ɗaya. Ta biyu ga tsada ga nawa, amma dogon zare take bi tiryan-tiryan, har wurin nan… wurin da lubag yake kwance, wanda ta farkon ba ta iya gani. Ciwon da ke murɗe mazan tsibirin Panay. Uwa ke ba ɗanta, ita kuwa ko gezau.

Tsawon wurin ne ke nuna shekarun da ciwon zai tashi. Kusan dai. Ba a rantsuwa.

Ta tuno Manong Doming, yayanta — wuya ya juye kamar mai neman wanda ya kira shi, harshe a waje. Yaran unguwa na jifan rufin gida, wai maye ne. Nanay, wato innarsu, na ɗura masa kunun shinkafa, rabi a baki rabi a riga. "Haɗiye, ɗana, haɗiye mana." Shekarunsa nawa ma a lokacin?

Renante fa, ɗanta… aure watan gobe. Yana ɗauke da gadon ciwon, ta sani, shi ma ya sani. Yaushe, shi ne ba su sani ba. Jininsa na cikin firizar can, da kansa ya miƙa hannu yana dariya: "Nay, ki duba min ko zan yi sanƙo."

"Kamfanonin na jiranmu," in ji Dakta Salcedo, abokin aikinta, daga bakin ƙofa. "Wacce?"

Mai arhar, ta ce a ranta. Kowa zai ce ta iya tattali. Wa zai gane da gangan ta ɗauko makauniya? Amma iyalan da suka ba da jininsu don a faɗa musu yaushe — ta rufe musu ido don kada ta ga na ɗanta? Tsoro take ji, wallahi, tsoro tsagwaronsa.

Ta buɗe baki ke nan… sai shagon tela ya faɗo mata a rai, jiya, ana gwada wa Renante rigar angonci. Tela da allura a baki. "Daidaita kafaɗar nan, ango." Telan ya ja rigar, ya koma baya, ya karkata kai. "Na ce ka daidaita ta mana."

Renante na kallon madubi. "Ai a daidai take," ya ce da telan.